Shekarar da Muka Kai Hindatu Kallon Ƙanƙara

Akwai labarin da kuke bayarwa duk lokacin da kuka taru a gidan nan da salla, kuma ba daidai kuke ba da shi ba. Ina jin ku daga ɗaki. Wai wata shekara Umma ta tashi da rigimarta, ta kwashi gida ta kai Abuja kallon 'yan tsana, Hindatu ta dawo ta kwanta asibiti. Sai ku kwashe da dariya ku shiga wani zancen. To, ba ƙarya kuka yi ba, amma rabi kuka sani. Lokacin yawancinku ba kwa gida, masu aure suna ɗakunansu, masu karatu suna makarantar kwana. Mu huɗu ne a gidanmu na Tudun Wadar Gusau: ni, da babanku, Allah ya jiƙansa, da kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, da autarmu Hindatu. Biyu sun riga mu, saboda haka bari in faɗa tun ina da bakin faɗa.

Kun san Hindatu da sikila aka haife ta, kuma kun san ba ita ce ta farko ba. Mansur ya riga ta, shi ma da ciwon ya zo, kuma wani lokacin sanyi ciwon ya tashi masa ya tafi da shi bai kai ga gama firamare ba. Daga ranar babanku ya zama wani mutum. Dama shi ma'aikacin gwamnati ne mai son tsari, sai ya mayar da gidan ofis, Hindatu ce aikin da ke gabansa. Ba ta shan ruwan randa sai wanda aka ɗumama. Ba a kunna fanka a ɗakin da take, ko da kowa zai narke. In sanyi ya shigo, makaranta ma sai rana ta take sannan a kai ta. Biki a 'Yankuzo wurin dangin babanku, suna a Kekun Waje wurin nawa dangin, kowa ya shirya ya tafi, ita a bar ta da mai tsaronta. Inna ma saboda ita ta baro 'Yankuzo ta dawo wurinmu, ta taho da wani ƙaramin kaskonta na wuta, wanda take cikawa da garwashi ta ajiye kusa da gadon yarinyar. Ban ga laifin kowa ba, don ni ma da hannuna a cikin wannan tsaro.

Yarinyar da aka hana fita, me ya rage mata? Talabijin. In an kawo wuta tana gaban katun, in an ɗauke ta karɓi wayata. Ta san dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kuka san 'ya'yan maƙwabta. Ana nan, cikin bazara, ana dab da hutun makaranta, sai Yayanku na Abuja, ɗan farina da har yau ba na kama sunansa, ya turo wani ɗan bidiyo a waya. Wai wasu baƙi ne daga ƙasar waje za su kawo wasa. Za a daskarar da ruwa a cikin wani ƙaton ɗaki ya zama fili, mutane su sa kayan dabbobin katun, su ɗaura takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, su riƙa zamiya a kai suna rawa. Shi don ya faranta mata ya turo, bai san abin da ya tayar ba. Ta kalla, ta sake kalla, har wayar ta yi zafi. Ina tankaɗe a tsakar gida ta zo ta miƙo mini.

"Umma, ki ce wa Yaya in ya je ya ɗauko mini a waya."

Na ce, "Ke ba kya son zuwa ki gani da idonki?"

Ta ce, "Ni ai asibiti kawai ake kai ni."

Wallahi da kuka ta faɗa, da na lallashe ta na ci gaba da aikina. Ba kuka, ba fushi, ta faɗa ne kamar mai cewa yau Talata, ta juya ta koma ɗaki. Na zauna da rariya a hannu na kasa motsi. Yarinya ba ta kai shekara goma ba, har ta daina roƙo. A ranar na ƙudurta sai ta je.

Kada ku ɗauka haka nan na yi gaban kaina, kamar yadda kuke faɗa. Na koyar da 'ya'yan mutane a firamare har na yi ritaya, ba mahaukaciya ba ce ni. Ranar ganin likita na bar Hindatu a benci na shiga na tambayi likitarta, wata baiwar Allah mai haƙuri da ta san yarinyar tun tana goye. Ta ce ba za ta ce mini babu haɗari ba, sanyi yana tayar da ciwon, doguwar tafiya ma haka. Amma in an lulluɓe ta sosai, ta sha ruwa da yawa, aka zauna nesa da ƙanƙarar, aka fita da ta ji wani abu, ita ba za ta hana ba. Ta ƙara da cewa zaman ɗaki ma yana da nasa ciwon, sai dai shi ba a auna shi a jini. Da wannan na tunkari babanku, bayan la'asar, yana zaune a kan darduma.

"Malama," in ji shi, don haka yake kirana, "ƙanƙara fa kika ce. Yarinyar da ba ma ba ta ruwan randa?"

Na ce, "Likita ta ce za a iya."

"Likita ce za ta yi jinya? Na binne ɗaya, Malama. Ba zan iya na biyu ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni na haife shi, Alhaji. Kada ka yi mini magana kamar ban san inda yake kwance ba."

Ya naɗe dardumarsa ya fita. Kwanaki muka yi daga gaisuwa sai ga abincinka. Inna kuwa da ta ji, ta tafa hannu ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi? Ƙanƙara? Ke 'yar Kekun Waje, boko yac ci miki kai? Ɗiyag ga da muka riƙo kamar ƙwai?"

Na ɗauka magana ta mutu. Ashe Hindatu ta tsinci zancen, ta ji ana gardama a kan ko za a kai ta. Wata rana da hantsi Inna ta leƙa falo ta same ta ta sa safar babanku, ta taho da ɗan gudu tana zamewa a kan tayil, hannuwa a buɗe, ta faɗi a kan kujera ta tashi ta sake, tana dariya ita kaɗai. Inna ta daɗe a bakin ƙofa. Da babanku ya dawo daga aiki ta aika a kira mata shi, ina daga madafa ina ji.

"Tun da nike da ɗiyag ga ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai yau. Ka kai ta. Amma hwa ƙahwata ƙahwarta."

Babanku bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba. Ya same ni a madafar, ya tsaya bai shigo ba.

"Za a je. Ba don na gamsu ba. In wani abu ya faru, Malama, ke kika ce a je."

Na ce na ji. Amma maganar nan ta zauna mini a ƙirji, da ita na haɗa kaya, da ita na shiga mota.

Sai da rana ta fito sosai muka bar Gusau, kun san hanyarmu ba a yi mata sammako saboda ɓarayi. Zafi ake yi na fitar hankali, ga shi an hana kunna sanyin mota saboda Hindatu. A Tsafe Inna ta nuna mata inda ake ratsewa zuwa 'Yankuzo, ta ce ga hanyar garin ubanki da ba ki taɓa takawa ba. Yarinyar ta manne da gilashi tana kallon komai, masu rake, masu tsire, jakuna da buhuna, kamar yau aka halicce su. Babanku kuwa kowane ɗan lokaci sai ya waiwayo: sha ruwa, kaɗan-kaɗan, ki gaya mini in kin ji wani wuri yana ciwo. Wannan ita ce waƙarsa tun tana jaririya. Muka isa gidan Yayanku lafiya, muka huta kwana guda.

Ranar wasan ce muka yi abin da har gobe in na tuna sai na yi dariya. Duk hankalinmu yana kan Hindatu. Wando a kan wando, safa a kan safa, suwaita, sannan wata tsohuwar kwat ta babanku da ya saya lokacin da aka tura shi kwas Jos, aka nannaɗe hannuwan. Hular sanyi, bargo, filas cike da shayi. Da aka gama, idanunta kawai ake gani. Sai ga Inna ta fito da kaskonta da ledar gawayi, ashe ta cusa su a bayan mota tun daga Gusau. Yayanku ya riƙe kai.

"Inna, wuta za ki shiga da ita wurin ƙanƙara? Ai ko ƙofa ba za su bar mu mu wuce ba."

"To su ci kansu! Da mi za ta ji ɗumi?"

Da ƙyar ya raba ta da kaskon. Ba ta haƙura ba, ta shiga madafar matarsa ta dafa ƙwan zabin da muka kawo tsaraba, ta kwashe su da zafinsu ta ƙulla a tsumma ta cusa wa Hindatu a aljihunan kwat, dama da hagu. Ta ce haka suke yi wa yara a gida in za su bi shanu da sanyin safiya. Mu kuma fa? Yayanku ya ce mu sa kaya masu kauri, muka yi masa dariya. Mutanen Gusau, a tsakiyar bazara, a ce mu sa rigar sanyi? Mu da muke sayen ƙanƙara da azumi muna manna ta a wuya? Kuma fita ce ta shiga mutane, a babban birni. Babanku ya sha shadda mai sitaci har da babbar riga, da buɗaɗɗen takalmi. Ni na ɗaura leshina mai huji-huji da ɗan siririn mayafi. Inna atamfa da silifa. Muka fito fes kamar masu zuwa ɗaurin aure.

Ana buɗe ƙofar ɗakin wasan sanyi ya mare ni a fuska. Na ce a raina ai daɗi ne, bayan wannan rana. Muka hau can sama muka zauna nesa da filin, yadda likita ta ce. Aka rage fitilu, kiɗa ya tashi, sai ga su sun fito. Ikon Allah! Zomo mai jar hula, kunkuru da ƙaton ƙoƙon baya, wata giwa mai tumbi, da 'yan mata cikin kaya masu walƙiya, duk suna sulalewa a kan farin filin nan ba ka ganin sun ɗaga ƙafa. Su juya, su yi tsalle, su sauka a ƙafa ɗaya. Giwar ita aikinta faɗuwa, ta taho da gudu ta baje, ta tashi tana sosa baya, yara su yi ta ihu. Inna ta damƙe mini hannu.

"Mutum na ciki, ko aljanu na?"

Na ce mutum ne. Ta ce to Allah shi ba shi lada, wagga wahala da yawa take.

Ni ban kalli rabin wasan ba, Hindatu nake kallo. Ta ture hular daga goshi, baki a buɗe, tana kiran sunayen dabbobin, tana gaya mana abin da kowanne zai yi kafin ya yi. Murya ce ban san tana da ita ba. Na yi ta taɓa goshinta, na taɓa yatsunta, ɗumi ƙalau. Daga nan na fara lura cewa nawa yatsun ne ba na ji. Sanyin ya bi ta hujin leshin nan ya shige ni har ƙashi. Na dubi Inna, ta dunƙule wuri ɗaya, ta janye ƙafafu daga silifa ta cusa cikin zane. Na dubi babanku, ya miƙe zaune yana riƙe da girmansa, amma shaddar nan mai sitaci sai ƙara take yi, kakaf-kakaf, don jikinsa rawa yake a ciki. Haƙoransa suna haɗuwa ina ji. Yayanku cikin jaket ɗinsa ya kau da kai yana danne dariya, mara kunya.

Da aka yi ɗan hutu aka kunna fitilu, Hindatu ta juyo ta gan mu. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Kai! Baba, leɓenka ya yi fari. Tsohuwa, ke kuma ina cika bakin?"

Inna ta ce, "Rabu da ni, ja'ira, mutuwa nikai."

Sai yarinyar nan ta tashi tsaye. Ta zaro ƙwan zabin daga aljihu, da sauran ɗuminsu, ta sa wa Inna a hannu biyu ta dunƙule mata yatsu a kai. Ta ba ni, ta ba babanta. Ta warware bargon, na yunƙura zan hana, ta ce ita kwat ta ishe ta, na taɓa wuyanta na ji har gumi take yi. Muka daidaita a kan ta raba bargon da kakarta. Sannan ta buɗe filas ta zuba shayi a murfi, ta riƙe wa babanku a baki, ta haɗe gira yadda yake yi.

"Sha, Baba. Kaɗan-kaɗan. Ka gaya mini in ka ji wani wuri yana ciwo."

Shayin ya kusa fito masa ta hanci. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan na ga ya sa hannun babbar riga yana goge ido, ya ce wai sanyi ne. Tun da aka haife ta ita ake yi wa sannu, ita ake riƙe wa kofi. Ranar nan ita kaɗai ce mai lafiya a cikinmu, ta yi jinyar mutum uku, kuma ta iya. Muka ga ƙarshen wasan muna manne da juna, kowa da ƙwai a hannu.

Yanzu ga ɓangaren da kuka sani. Mun dawo Gusau lafiya, har na fara sakin jiki, sai ciwon ya tashi. Ya fara a gwiwa ya hau baya, irin mai tsananin nan da ko zane ba ta so ya taɓa ta. Aka kwantar da ita, aka sa ruwa, har ta kai ga ƙarin jini. Na tare likita na ce ta gaya mini gaskiya, ƙanƙarar ce? Ta ce ba wanda zai iya rantsewa, ko sanyin ne, ko tafiyar, ko zafin hanya, ko kuma dama lokacinsa ne ya yi, don ya sha tashi tana kwance a ɗaki. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na ce shi ke nan, na kashe 'yata da hannuna don kallon giwar roba. Babanku yana zuwa, ya biya magani, ya tsaya a kanta, ya fita. Bai ce mini ai na gaya miki ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Da ciwon ya fara lafawa, wata rana da yamma aka kawo wata ƙaramar yarinya daga Bungudu gadon da ke kusa, ita ma sikila, tana ta tsala kuka uwar ta rasa yadda za ta yi. Hindatu ta juyo da kai da ƙyar, ga robar ruwa a hannu.

"Ke, yi shiru in ba ki labari. Kin taɓa ganin giwa ta faɗi a kan ƙanƙara? Ni na gani. Da idona."

Ta fara, murya ƙasa-ƙasa, tana tsayawa in ciwon ya murɗa. Ta ba da na zomo, ta ba da na kasko, ta kwaikwayi haƙoran babanta. Kukan yarinyar ya koma shessheƙa, uwar ta matso da kujera, wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya da tire a hannu. Na ɗaga kai na ga babanku a bakin ƙofa da kwanon abinci, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya yafito ni. Na tashi, na ce yau zan ji abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Muka tsaya a baranda, ya daɗe yana kallon motocin da ke waje.

"Malama," ya ce, "Mansur bai da labarin da zai ba kowa. Ba mu kai shi ko'ina ba."

Muka tsaya nan mu biyu, tsofaffi, muna kuka a barandar asibiti mutane suna wucewa.

Allah ya tashi kafaɗunta, aka sallame mu. Ban ce muku daga nan an zubar da tsaro ba, ruwan ɗumi yana nan, kasko yana nan, ciwon ma bai daina zuwa ba har yau da ta zama cikakkiyar mace. Abin da ya canza shi ne tambayar da babanku yake yi wa likita. Da can yana tambayar me za a hana ta, sai ya koma tambayar me za ta iya. Na gode wa Allah da ya ba ni taurin kan, na gode wa Inna da ta ga abin da ta gani, na kuma gode wa babanku, don shi ya fi kowa tsoro kuma ya shiga motar.

Ba a daɗe ba damina ta faɗi. Ruwan farko da rana ya zo, ƙasa ta ɗauki ƙamshi, yaran unguwa suka fito suna tsalle a layi. Na tashi zan rufe tagogi in kai Hindatu ɗaki kamar kullum, sai na ga babanku ya fito da kujera ya ajiye a baranda inda feshi ba ya kaiwa. Ya lulluɓe ta har wuya, ya zaunar da ita, ya durƙusa a gefenta ya naɗe mata hannun riga ɗaya zuwa gwiwar hannu. Ya ajiye tawul a kafaɗarsa. Sannan ya riƙe tsintsiyar hannunta ya miƙa shi waje, ruwan ya sauka a tafinta. Ta zuba ido tana kallo yana taruwa yana zuba ta tsakanin yatsu.

"Baba," ta ce, "ashe ɗumi gare shi."